Shin kiɗan Shanghai na shekarun 1930 jaz ne da gaske?

Malama, tambayarki ita ce: kin ci karo da wasu tsofaffin waƙoƙin Sinawa da aka yi wa laƙabi da jaz, kin saurara, kin ji wata mace tana rera waƙa da siririyar murya kamar ta ƙaramar yarinya, a bayanta kuma ana busa irin ta badujala. Kin ce ba ki ji kamannin wannan da kiɗan Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙahon jaz na Amurka, ba ko kaɗan, don haka kike son sanin abin da ya sa ake kiransa jaz, da kuma siffofin da ake gane shi da su.

Kunnenki bai yaudare ki ba. Abin da kika ji ya sha bamban da jaz ɗin New Orleans ko na Chicago, kuma wanda ya je nemansa da ma'aunin can zai dawo yana cewa kwaikwayo ne da bai nuna ba. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Mutanen Shanghai sun ɗauki abin da suke bukata daga jaz, wato bugun rawa da kayan busa, suka bar sauran a bakin ƙofa da gangan, suka ɗora nasu karin waƙa da tasu murya a kai. Idan kin riƙe wannan, sauran bayanin zai zo da sauƙi.

Sai an fara sanin inda ake kiɗan kafin a gane dalilin da ya sa yake da wannan kama. Shanghai ta shekarun 1920 birni ne da aka yanka kashi-kashi: ga ɓangaren da Turawan Ingila da Amurka ke iko da shi, ga na Faransa, ga na Sinawa. Jaz ya shigo ta jirgin ruwa, ya sauka a manyan otal-otal da gidajen rawa. Masu kaɗa shi a farko yawancinsu baƙi ne. 'Yan Filifin su ne suka fi yawa, don sun koyi kiɗan Amurka tun a gida lokacin da Amurka ke mulkinsu. Akwai Rashawan da suka tsere wa juyin juya halin 1917, da yawansu sun yi karatun kiɗan gargajiyar Turai sosai. Akwai kuma baƙaƙen fatar Amurka, irin su mai fiyano Teddy Weatherford da ya tafi Asiya a 1926, da mai busa ƙaho Buck Clayton wanda ya iso da ƙungiyarsa a 1934 ya yi aiki a zauren rawa na Canidrome, kafin ya koma gida ya shiga ƙungiyar shahararren makaɗin jaz Count Basie. Wannan kashi na farko jaz ne irin na Amurka, ana kaɗa shi ne kawai a ƙasar Sin. Abin da kika saurara kashi na biyu ne, wanda aka haifa lokacin da Sinawa da kansu suka fara shiga filin rawa.

Akwai labarin wani mai ganga, Whitey Smith, haifaffen Denmark da ya tashi a Amurka, wanda ya zo Shanghai a 1922. Shi ne ya yi kiɗa a liyafar auren jagoran sojan Sin Chiang Kai-shek da amaryarsa Soong Mei-ling a otal ɗin Majestic a watan Disamba na 1927. A littafin tarihin rayuwarsa ya ba da labarin yadda ya lura Sinawa ba sa tashi rawa idan kiɗan ya cika sarƙaƙiya, kowane mai busa yana jan nasa zaren. Da ya rage kwalliya, ya fito da karin waƙar fili, ya kuma ɗauko waƙoƙin gargajiyar Sin ya ɗora su a kan bugun rawa, sai fili ya cika. Wannan ɗan labari ya ƙunshi kusan duk abin da zan faɗa miki. Kunnen da ya tashi da kiɗan Sin kari yake bi, layi guda na waƙa da zai iya rerawa a hanyarsa ta komawa gida.

To wane irin kari ne? A nan ne zan fi daɗewa, don nan ne zuciyar maganar.

Tsanin sauti na Turai matakai bakwai ne: do, re, mi, fa, so, la, ti. Yawancin waƙoƙin gargajiyar Sin matakai biyar suke takawa, suna tsallake fa da ti. Sinawa suna da sunayensu na waɗannan biyar tun zamanin da: gong, shang, jue, zhi, yu. Idan akwai fiyano ko kibod kusa da ke, ki gwada abin da nake sa ɗalibai su yi a ranar farko. Ki bar fararen maɓallai, ki taɓa baƙaƙen kaɗai, sama da ƙasa, yadda kika ga dama. Baƙaƙen nan biyar-biyar suke a jere, kuma su ne daidai wannan tsani. Za ki ji duk yadda kika juya yatsunki babu sautin da ke karo da ɗan'uwansa. Na sha ganin ɗalibi Bahaushe ya taɓa su sau uku ko huɗu, sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, ai wannan kamar kiɗanmu ne." Kuma yana da gaskiya, domin waƙoƙin Hausa da yawa a kan matakai biyar suke tafiya. Wannan ne ya sa nake ganin Bahaushe ya fi Bature saurin kama karin waƙoƙin Shanghai.

Matsalar tana tasowa ne idan aka zo ɗora wannan kari a kan fiyano da banjo da kayan busa. Kiɗan Turai, har da jaz, an gina shi ne a kan dunƙulen sauti, wato sautuka uku ko huɗu da ake bugawa lokaci guda, ɗaya yana miƙa wa ɗaya har a dawo gida. Abin da ke jan kunne zuwa gida kuwa shi ne fa da ti ɗin nan: ti tana neman hawa zuwa do, fa tana neman sauka zuwa mi. Su ne kuma waƙar Sin ta tsallake. Saboda haka mai tsara kiɗa a Shanghai yana da mawaƙiya da ke yawo a kan matakai biyar ba ta da gaggawar zuwa ko'ina, a ƙarƙashinta kuma ga fiyano da ke tura ta gaba da matakai bakwai. Wani lokaci ma waƙar takan ƙare a kan la ko so, inda kunnen Basine ke jin an iso, alhali ƙa'idar Turai tana cewa da sauran tafiya.

Hanyoyin da suka bi suka warware wannan su ne suka ba kiɗan ɗanɗanonsa. A faya-fayan farko, na ƙarshen shekarun 1920, kusan kauce wa matsalar aka yi. Goge na Turawa ko kilarinet ko saksofon yana bin muryar mawaƙiya sau da ƙafa, abin da ta rera shi yake busawa, sai dai ya ƙara ɗan lanƙwasa nan da can. Wannan tsohuwar al'adar kiɗan Sin ce, inda kayan kiɗa da yawa ke bin kari guda kowa da tasa kwalliya. Fiyano da banjo kuma suna riƙe da dunƙule biyu ko uku kacal, aikinsu ya fi kama da na ganga. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1930 zuwa na 1940, masu tsarawa suka ƙware. Suka koyi ɓoye fa da ti a cikin kayan busa, su bar muryar a kan biyar ɗinta, har kunne ya daina jin ɗinkin. Ni kam na fi ƙaunar na farkon, inda ɗinkin yake a fili, domin a nan ake jin mutane suna lalubo hanyar da ba wanda ya taɓa bi.

Mutumin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne Li Jinhui, ɗan lardin Hunan, an haife shi a 1891. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne malamin makaranta ne tun asali, kuma abin da ya dame shi da farko shi ne yaɗa daidaitaccen Sinanci a ƙasar da kowane yanki ke da nasa karin harshe. Yayansa Li Jinxi sanannen masanin harshe ne. Li Jinhui ya fara da rubuta wa yara wasannin waƙa da rawa don su koyi furuci, daga nan ya kafa ƙungiyar waƙa da rawa ta Mingyue, wato Farin Wata, wadda ta yaye taurari da dama. A 1927 ya rubuta waƙar Maomao Yu, ma'ana yayyafi, 'yarsa Li Minghui ta rera. Ita ake ɗauka a matsayin farkon abin da aka zo ana kira shidaiqu, waƙoƙin zamani. Asalinsa na malamin harshe yana nan a cikin kiɗansa: gaɓa ɗaya sauti ɗaya a yawancin wurare, jimloli gajeru, kalmomi a fili yadda ko yaro zai kama.

Muryar da ta ba ki mamaki kuma tana da dalilai. 'Yan matan ƙungiyar Li yawancinsu ƙanana ne, kuma salon rerawar da aka gada daga wasan kwaikwayon gargajiya da waƙoƙin gidajen shayi na yankin Suzhou murya ce ta sama, siririya, mai fita ta hanci. Ba kowa ya so ta ba ko a can. Babban marubucin nan Lu Xun ya kwatanta rera Maomao Yu da kukan kyanwar da ake shaƙewa. Amma ki saurara da kyau ki ji yadda mawaƙiyar ke isa ga sauti. Ba ta dira a kansa kai tsaye, zamewa take yi zuwa gare shi daga ƙasa ko daga sama, ta ɗan girgiza shi, sannan ta sake shi. Haka erhu ke yi, gogen Sinawa mai tsirkiya biyu, wanda duk wanda ya san gogenmu zai gane ɗan'uwansa ne a aiki. Mawaƙan bulus, salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka da jaz ya yi gado daga gare shi, su ma suna zamewa tsakanin sautuka, amma su sukan tsaya a tsakiya, su zauna a wurin da fiyano ba shi da maɓalli, a nan zafin waƙar yake. Mawaƙiyar Shanghai wucewa take yi ta wurin a matsayin ado, ta sauka daidai. Rashin wannan sautin bulus yana cikin manyan dalilan da suka sa kika ji kamar ba jaz ba ne.

Muryar ta sauko da tafiyar shekaru. Makirufo ya inganta, ba sai an ƙwala ba kafin na'ura ta ɗauka, mawaƙa kuma suna jin faya-fayan Amurka suna kallon finafinan Hollywood. Zhou Xuan, wadda ake wa kirari da mai muryar zinariya, ta fito ne daga ƙungiyar Li, amma tata muryar ta fi taushi da zaƙi, tana rerawa kamar da mutum ɗaya take magana. Zuwa shekarun 1940 ga Bai Guang da murya mai kauri, ƙasa-ƙasa, mai jan kalma a kasalance, abin da ba wanda zai yi tunaninsa a 1927.

Batun bugu ya fi sauƙi. Kiɗan na rawa ne, kuma rawar ta Turawa ce, mace da namiji riƙe da juna. A manyan zauruka irin Paramount, da aka buɗe a 1933 da daɓen katako mai lilo a ƙarƙashin ƙafa, mutum tikiti yake saya ya ba 'yar rawa kafin ta taka da shi waƙa guda. Don haka bugun dole ya zama tsayayye, wanda ɗan kasuwar da ya koyi rawa makon jiya ba zai ɓata ba. A cikin salon rawar, fokstirot shi ne gishirin miya, sai wals, sai tango, daga baya rumba. Waƙar He Ri Jun Zai Lai da Liu Xue'an ya tsara, Zhou Xuan ta rera a 1937, a kan takun tango take. Ye Lai Xiang ta 1944, wadda ƙanin Li Jinhui mai suna Li Jinguang ya tsara, Li Xianglan ta rera, rumba ce mai tafiya a hankali. A Shanghai ta wancan lokaci kalmar jaz buhu ce da ake zuba duk wani kiɗan rawa na zamani a ciki, kamar yadda aka yi a Tokyo da Berlin. Wannan rausayar da jaz ɗin Amurka ke da ita, inda bugu ke faɗowa gefen wurin da kunne ke jiransa, tana nan amma an rage mata ƙarfi, kuma a kayan busa take zaune. Muryar kan tafi daidai kan bugu.

Sai babban abin da aka bari, wato ƙirƙirar nan take. A jaz ɗin Amurka mai busa yakan tashi tsaye ya ƙaga sabon kari a kan dunƙulen waƙar, abin da bai taɓa busawa ba kuma ba zai sake ba. A faya-fayan shidaiqu da wuya ki ji haka. Kusan komai a rubuce yake. Dalili ɗaya shi ne faifan garmaho mai juyi 78 a minti, wanda fuskarsa guda ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai, ga baitoci biyu ko uku da za a rera. Wani dalilin shi ne makaɗan kamfanin Pathé, wanda Sinawa ke kira Baidai kuma shi ne ya fi kowa fitar da waɗannan faya-fayai, da yawansu Rashawa ne masu karanta takardar kiɗa, ba a kan ƙirƙira aka horar da su ba. Amma babban dalili a ganina shi ne mai saye waƙa ya zo saya, da mawaƙiya, da kalmomi.

Duk da haka kayan kiɗa suna da wurin maganarsu, kuma wurin na Sinawa ne. A wasan kwaikwayon gargajiyar Sin, idan mawaƙi ya kai ƙarshen jimla ya tsaya numfashi, makaɗa sukan cike gurbin da ɗan gajeren kari. Sunansa guomen, a zahiri ƙetare ƙofa. Masu tsara shidaiqu sun riƙe wannan, sai dai suka miƙa shi ga kilarinet ko ƙaho mai toshe a baki ko fiyano. Mawaƙiya ta faɗi layi, busa ta amsa mata, ta sake faɗi, a sake amsawa. Jaz ma yana da irin wannan kira da amsa da ya gada daga Afirka, kuma ke da kika tashi da jin mawaƙi da 'yan amshinsa ba sai an yi miki dogon bayani ba. A wannan gaɓa al'adun biyu sun haɗu ba tare da an tilasta musu ba, kuma a nan ne nake jin kiɗan ya fi zama daram.

Kayan kiɗan gargajiya ma ba a kore su ba. A faifai guda za ki iya jin saksofon da tirombon tare da erhu, ko pipa mai kama da babban molo, ko sarewar gora da suke kira dizi, ko 'yan katakai da ake ƙwanƙwasawa don riƙe bugu. Akwai wani wuri a fim ɗin Malu Tianshi na 1937 da nake yawan nuna wa ɗalibai. Saurayin fim ɗin sana'arsa busa ƙahon Turawa ce a ƙungiyar badujala ta kan titi, amma da Zhou Xuan za ta rera masa waƙar soyayya daga tagar ɗakinta, erhu ya ɗauko ya raka ta da shi. He Luting ne ya tsara waƙar daga wani karin gargajiya na yankin Suzhou. Mutum ɗaya ne, kayan kiɗa biyu, kuma bai ga wani saɓani a tsakaninsu ba.

Tsarin baitoci ma ya canja. Waƙoƙin farko irin na gargajiya ne, kari guda ana maimaita shi da sababbin kalmomi baiti bayan baiti. Daga baya masu tsarawa irin su Chen Gexin suka rungumi ginin waƙoƙin Amurka: kari na farko sau biyu, sai wani sabo a tsakiya kamar gada, sannan a koma na farko. Waƙarsa Meigui Meigui Wo Ai Ni, da Yao Li ta rera a 1940, ta dace da wannan gini har ta yi tafiyar da ba a saba gani ba. A 1951 mawaƙi Frankie Laine ya rera ta da Turanci a Amurka, ta shiga sahun gaba a kasuwar faya-fayai. Kiɗan da ya zo ta jirgin ruwa ya koma ta jirgin ruwa da karin Sinawa a bakinsa. Shi ma Buck Clayton, bayan wata hatsaniya ta raba shi da aikin Canidrome, ya koma wani gidan rawa da Sinawa suka fi yawa, dole ta sa shi koyon waƙoƙinsu, kuma ya rubuta daga baya cewa muddin za a iya sa su a takardar kiɗa to ana iya busa su.

Wataƙila za ki tambaya me ya sa ba a san wannan kiɗa sosai ba. Tun yana tashe yake da maƙiya ta ɓangarori biyu. Masu ra'ayin mazan jiya na gwamnatin Kuomintang, jam'iyyar da ke mulkin Sin a lokacin, suna ganin yana lalata tarbiyya, 'yan gurguzu kuma suna ganin yana sa mutane barci alhali Japan ta mamaye Manchuria, yankin arewa maso gabashin Sin, tun 1931. Nie Er, wanda ya yi goge a ƙungiyar Li Jinhui, ya fito ya soki maigidansa a rubuce a 1932, ya bar ƙungiyar, kuma shi ne ya tsara waƙar da ta zama taken ƙasar Sin na yau. Bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulki a 1949 aka yi wa shidaiqu tambarin kiɗa mai launin rawaya, wanda a Sinanci ke nufin batsa, aka rufe gidajen rawa. Mawaƙa da yawa da kamfanin Pathé suka koma Hong Kong, daga can salon ya haifi waƙoƙin zamani na Hong Kong da Taiwan. Li Jinhui ya zauna a Shanghai yana yi wa finafinan yara kiɗa, ya rasu a 1967 a tsakiyar guguwar juyin al'adu. Abin yana taɓa ni duk lokacin da na tuna, mutumin da ya fara don koya wa yara furuci ya ƙare ana kiransa mai ɓata tarbiyya. Sai a 1980 aka tattaro wasu tsofaffin makaɗa suka kafa ƙungiyar jaz a otal ɗin Peace da ke bakin kogi a Shanghai.

Idan za ki koma ga faya-fayan, ga yadda nake so ki yi. Ki sa Maomao Yu, sannan ki sa Ye Shanghai da Zhou Xuan ta rera kusan shekara ashirin bayanta, waƙar Chen Gexin a kan daren birnin. Ki ji kowacce sau biyu. A karon farko ki bi muryar kaɗai, ki gwada rerawa tare da ita, ki lura da inda take zamewa kafin ta sauka. A karo na biyu ki manta da mawaƙiyar, ki kasa kunne ga abin da ke faruwa a ƙasa, fiyano da ganga, da kuma wanda ke amsa mata duk lokacin da ta tsaya shan numfashi.